Shekarar da Muka Daka Dutse

Balki, gyara zama ki kama alƙalaminki da kyau. Ki sa labarin nan a Hausarku ta makaranta in kin ga dama, amma abin da mutane suka faɗa da bakinsu ki bar shi yadda suka faɗe shi. Yau mun iso shekarar da nake ta kewayewa tun da muka fara aikin nan, shekarar da muka daka dutse a turmi, kuma tun jiya na kasa zama wuri ɗaya saboda ita. Ku 'ya'yana kun tashi da labari iri biyu a kunnenku: wai uwarku jaruma ce da ta ja da gari guda, wai kuma Luba munafuka ce da ta ci amanata. Na ji ku kuna faɗa, na kuma ga yadda kuke ɗaure fuska in an ambace ta. To, ba haka aka yi ba. Ku manya kuna Anka wajen makaranta a lokacin, autanmu Mani kuwa yana goye a bayana. Babu wanda ya gani da idonsa a cikinku, ni na gani.

Ƙauyenmu kun san shi, yana nan tsakanin Dareta da Sunke, ba sai na kira sunansa ba. Gero da dawa muka sani, da ɗan wake, da kiwon awaki da agwagi. Kwatsam sai aka ce dutsen dajinmu da zinari a cikinsa. Kafin ka ce kwabo maza sun yar da fartanya sun faɗa ramuka, baƙi sun cika gari, har da waɗanda in suna Hausa sai ka kasa kunne kafin ka gane. Ana ɗauko dutsen a buhu bisa babur har ƙofar gida, maza su farfasa shi da guduma a zaure, injin da ke niƙa mana dawa ya koma niƙan dutse, tsakin da injin ya bari kuma a turo mana shi cikin gida mu daka, mu tankaɗe da rariya, mu shanya a tsakar gida kamar garin tuwo. Kada ki rubuta cewa wawaye ne mu. Mun san yunwar bazara, mun san share gindin rumbu, sai ga mu muna dafa shinkafa ranar da ba Sallah ba, ana kafa rufin kwano gida bayan gida. Babanku ma ya sayi babur a shekarar, kuma ni da kaina na rangaɗa guɗa ranar da ya shigo da shi.

A gidan Goggo Tumba muke taruwa, maƙwabciyarmu da darni ɗaya ya raba mu, don tsakar gidanta ta fi faɗi, bakinta kuma ya fi na kowa kaifi. Da hantsi matan unguwa za su hallara, turame a jere, mata uku uku a kan kowane, a kama lugude. Ke da ba ki taɓa yi ba ba za ki gane ba. Ba ke ke ɗaga taɓaryar ba, kiɗan ne ke ɗaga ta. Ki buga, ta kusa da ke ta buga, ta ukun ta buga, in kika yi jinkiri ko na ƙiftawar ido taɓare su gwaru a kwashe da dariya. Ni ce kuma mai farawa, ni ce mai jefa taɓarya sama in tafa in cafe, da girmana da goyona, ko kunya babu. Abokiyar turmina kullum Luba ce, matar ɗan Goggo Tumba, yarinya shiru-shiru da aka auro daga Bukkuyum. Tun tana amarya ta ɗauke ni uwar ɗaki, ni na koya mata tuwon gidan, da yadda ake kauce wa bakin surukarta. Ɗanta Bello sa'an Mani ne. Tare suke rarrafe a gindin turamen nan, in sun tashi fari fat suke tun daga gashin ido har yatsun ƙafa, mu kuwa mu yi ta dariya.

Agwagina ne suka fara mutuwa, sannan na Goggo, sannan na unguwa duka. Aka ce cutar kaji ce. Da zafi ya tsananta sai abin ya koma kan yara. Yaro zai yi amai, ya ƙi nono, jikinsa ya yi laushi, sai jijjiga ta kama shi idanu su kafe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wasu suka ce masassara, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska ce baƙi suka tono a rami. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka akuya. Abin da ya hana ni sakat shi ne babba ko ɗaya bai faɗi ba, sai 'yan rarrafe da masu koyon tafiya, waɗanda ke kai hannu ƙasa su kai baki. Na tare wata Bafillatana mai kawo mana nono na tambaye ta lafiyar yaran rugarsu, ta ce ras suke. Zafin da muke sha shi suke sha, sauron da ke cizonmu shi ke cizonsu, dutse ne kawai ba sa dakawa. Ranar na komo gida na tarar da Mani zaune a kan shanya yana lasar tafin hannunsa. Da babanku ya shigo cin abinci na zauna a gabansa.

"Malam, ƙurar dutsen ga ce ka kashe ɗiyan mutane."

Ya daɗe da loma a hannu bai kai ta baki ba.

"Ni ma abin ya tsaya mini a rai, Kulu. Amma wa kij ji ya faɗi? Liman bai faɗi ba, mai gari bai faɗi ba. Gari guda babu mai ido sai ke?"

"Ba liman nit tambaya ba. Kai mi kag gani?"

"Abin da nig gani daban, abin da za ni iya faɗi a zaure daban."

Babanku ke nan, Allah ya jiƙansa. Ba matsoraci ba ne, kun sani, mutum ne da ke shiga rami mai zurfin rijiya da 'yar fitila a goshi. Amma a ɗaga masa gira a majalisa, wannan ya fi ƙarfinsa. Ni ma kuma na san in ni kaɗai na tashi na faɗi wannan magana a gaban matan unguwa, cinye ni za su yi ɗanya. Mace ɗaya nake nema, ɗaya tak, wadda in na ajiye taɓarya za ta ajiye tata. Da la'asar na leƙa ta darni na ga Luba tana yi wa Bello wanka, na yafito ta.

"Luba, gobe ba ni daka. In ni ɗaya nit tsaya, cewa za su yi na haukace. In mu biyu muka tsaya, dole su saurara."

"Wallahi, Inna Kulu, tun da ɗiyar Hajjo tar rasu ban yi barcin kirki ba. In kin aje, ni ma ajewa za ni yi."

"Kin ɗauki alkawari?"

"Na ɗauka."

Washegari da hantsi na shiga gidan Goggo hannu rabbana, ba taɓarya. Mata sun riga sun kewaye turame suna jirana in fara. Na tsaya a tsakiya, na faɗi abin da na gani: agwagi, yaran ruga, tafin hannun Mani. Na ce ni dai daga yau na bar dakan dutse, kuma ba za a sake shanya shi a gidana ba. Wurin ya yi tsit. Na ga Hajjo, wadda ba a daɗe da binne 'yarta ba, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta saci kallon ta kusa da ita ta rufe. Goggo Tumba ce ta fasa shirun da shewa.

"Ikon Allah! Kulu ta zama likita ba mu da labari. To ke da wa kunka ƙulla wagga shawara?"

Na juya na dubi Luba. Duk idanun gidan suka bi nawa.

"Ke Luba, da ke anka ƙulla?"

Ina ganin yarinyar nan har yau. Ba surukarta ta kalla ba, fuskokin matan ta bi ɗaya bayan ɗaya tana neman wadda za ta ɗan gyaɗa mata kai. Kowacce kuma tana can tana kallon wata.

"A'a, Goggo. Ni ban san zancen ba."

Ta sunkuya ta ɗauki taɓarya. Ranar ita ta fara bugu a madadina, sauran suka bi, kafin in kai ƙofa lugude ya kankama kamar ba a yi komai ba. Na fita cike da kunya da haushi. Wannan kalma tata ce kuka riƙe kuke ƙin ta da ita. Ni ma na riƙe ta, ba zan ɓoye muku ba. Ta sha gaishe ni ta darni in yi kamar ban ji ba.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaure mini kai, kuma shi nake so ku gane. In na je rijiya na tarar da mace ita kaɗai, sai ta matso kamar za ta taya ni jan guga, ta rage murya. Hajjo ce ta fara.

"Kulu, maganarki ta tsaya mini a wuya, ta ƙi wucewa."

"To ki aje mana, Hajjo."

"In sauran sunka aje. Don Allah kada ki ce ni nic ce."

Bayan ita wata, bayan wata wata. Har matar limami ta tare ni a bayan masallaci da irin wannan magana. Da na tattara su a raina sai na ga kusan duk matan da ke kan turamen nan babu wadda hankalinta ya kwanta da aikin. Amma kowacce tana zaton ita kaɗai ce mai shakka, don in ta ɗaga kai fuskokin da take gani duk a sake suke, ita ma sai ta saki tata kada a gane ta. Na yi ƙoƙarin in haɗa su, in ce da wannan ai wance ma ra'ayinku ɗaya, sai ta zabura ta ce in rufa mata asiri. Abin takaici, wadda ta raɗa mini magana a rijiya jiya ita ce yau za ta fi kowa ɗaga murya in ana yi da ni a gidan Goggo. Ina jin su ta darni, na san muryar kowacce.

Jarumtar da kuke ba ni kuma, ku rage ta. Kullum hantsi kiɗan nan zai ƙetaro darni ya same ni, in rasa inda zan sa kaina. In shiga ɗaki in fito, in share inda na riga na share, in kwance ƙullin kaya in sake ƙullawa. Wata rana na farga da kaina tsaye a tsakar gida ina buga ƙafa daidai da bugun Luba, hannuna yana ƙaiƙayi. Har na fara tambayar kaina, anya ba ni ce na ɓata ba? Mata masu hankali haka, da tsofaffi, da matar limami, duk su yi kuskure sai ni? Na taɓa ɗaukar taɓarya na kai har bakin ƙofar Goggo da niyyar in ce wasa nake yi. Abin da ya komo da ni ba ƙarfin zuciya ba ne, kukan Mani na jiyo, na ruga na tarar ya yi amai ya kwanta a ciki. Tsoro ne tsagwaronsa. Washegari na ce da babanku lokacin yaye ya yi, ko da yake bai yi ba, na ɗauki yaron na kai wa Innata a Gummi. Kai yaro yaye wajen kakarsa ba abin da wani zai yi magana a kai ba ne, shi ya sa na fake da shi. Na komo da nono ya cika yana zogi, bayana wayam, ga ɗaki shiru.

Yara ba su daina mutuwa ba. Labari kuma ya zo daga Gummi cewa Mani ya murmure har ya yi kumatu. Daga nan magana ta canza. Ban san bakin da ya fara furta ta ba, irin wannan magana ba ta da mai ita, sai dai ka ji ta ko'ina. Wai ni na faɗa da bakina cewa yara za su mutu, ga shi suna mutuwa, nawa kuma na ɗauke shi na ɓoye. Wai mayya ce ni, kurwar yara nake kamawa. Ni Kulu, da na wanke rabin jariran unguwar nan da hannuna! Aka daina zuwa ɗibar wuta gidana. In na nufo rijiya sai a watse a bar mini guga yana lilo. Uwa ta hango ni sai ta ja gefen zani ta rufe fuskar goyonta, kuma a cikin masu rufewar har da masu raɗa mini magana. Baffanku Dikko ya zo zaure ya ce da babanku ya sallame ni in tafi gidanmu kafin in jawo wa zuri'a abin faɗi. Babanku ya ce masa zai duba. Ya shigo ya zauna ya yi tagumi, bai ce mini tafi ba, bai ce mini zauna ba. Abokan raminsa suka zare shi daga cikinsu ba tare da sun ba shi dalili ba. Luba kuwa aka kafa mata doka, ko kusa da darnin kada a ƙara ganinta.

Ranar da abin ya faru da walaha ne, lugude ya yi nisa, ni kuma ina ta kai da kawowa da tsintsiya a hannu. Sai na ji karan darni yana motsi ta can bayan rumbu. Na leƙa, na ga hannuwan Luba sun ɓullo ta wata kafa, ɗauke da Bello. Ya sanƙare, idanunsa sun juye, kumfa a bakinsa. Daga baya na ji yadda aka yi. Tun safe ta ce da surukarta yaron ba shi da lafiya, Goggo ta ce an ba shi rubutu, ta kuma yi mata tas a gaban mata, wai wace irin marar kunya ce za ta riƙa rawar jiki a kan ɗan fari. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko ciwo yake yi. Sai Luba ta koma turmi, ta yi ta bugu tana jiyo numfashinsa daga ɗaki, har ta ce za ta kewaya bayan gida. A duk garin nan, wadda ake ce wa mayya ta kawo wa ɗanta.

"Inna Kulu, ga yaron ga."

"Ƙetaro mu tafi tare, Luba."

"In anka ga ba ni, biyo ni za a yi a karɓe shi. Ki tafi."

Ta saki, ta juya. Ban gama ɗaura shi a bayana ba na ji taɓaryarta ta koma cikin kiɗan, don na san bugunta ko cikin mata ɗari. Na san kuma abin da za a ce in yaron nan ya cika a hannuna. Babanku yana zaure yana goge babur, tunda ba shi da ramin zuwa. Ya dubi abin da ke bayana, ya dube ni.

"Kulu, kin san abin da za a ce in..."

"Na sani, Malam. Tada babur."

Ya tada. Ranar bai dubi fuskar kowa ba, maza suna zaune a gindin bishiyar bedi suna kallo muka wuce su. Ku riƙe masa wannan. Hanyar asibitin Anka a lokacin duk kwazazzabai ce da yashi, babur yana tsalle ina dafe da yaron ta baya, ina jin jijjigarsa a ƙashin bayana, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ina ce wa Bello ya yi haƙuri mun kusa. Mun ci fiye da rabin hanya sai na ji jijjigar ta tsaya, ya yi nauyi irin nauyin da duk uwa ta sani. Na bar babanku ya ƙara tafiya kaɗan, sannan na taɓa kafaɗarsa. Ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya duba, ya yi salati. Ya ce in ina so ya wuce da ni Gummi shi ya komo da gawar. Na ce a'a, ni aka ba, ni zan mayar.

Mun iso bayan azahar, gari ya riga ya ɗauka. Maza sun cika ƙofar gidan Goggo, samari a bayansu, na ga wasu da duwatsu a hannu, duwatsun zinarin nan dai. Na ratsa su na shiga. Mata suna tsakar gida an bar tankaɗe a warwatse. Goggo Tumba ta hango ƙafafun yaron suna reto ta ƙwalla ƙara.

"Ta cinye shi! Jama'a, ta ƙetaro darni ta sace mini jika ta cinye shi!"

Ba wanda ya motsa. Na dubi samarin da suka biyo ni har bakin ƙofa, sai na ga irin kallon nan da na sani, kowa yana satar kallon na kusa da shi, ana jiran wanda zai fara jifa. Wallahi da ɗaya ya ɗaga hannu da ba ni ke ba ku labarin nan ba. Luba tana tsaye a jikin turminta, idonta a bushe kamar yadda ake so uwar ɗan fari ta yi. Sai ta taho. Ta ratsa matan, ta zo bayana ta kwance majanyin da kanta, ta rungume yaron a ƙirji a gaban surukarta da mazan gari, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi.

"Bello," ta ce. "Bello na."

Wata tsohuwa ta ce subhanallahi. Luba ta ɗago, muryarta ba ta ko rawa.

"Ba sace shi tay yi ba, ni nib ba ta shi da hannuna. Kuma ran nan ƙarya niy yi. Da ni anka ƙulla shawara. Na san dutsen ga na, tun ran nan na sani."

Ta sa ƙafa ta ture turminta, tsakin ya zube. Ban gama jin ƙarar faɗuwarsa ba Hajjo ta yar da rariyar hannunta ta fashe da kuka, tana cewa ita ma ta faɗa mini a rijiya. Matar limami ta ce ita ma. Wata ta ce ita ma. Na tsaya ina kallo suna ta faɗa wa juna abin da kowacce ta daɗe da sani, wasu suna kifar da turamensu, samarin ƙofa suna sakin duwatsu a ɓoye kamar ba su suka ɗauko ba. Ba daɗi na ji ba, Balki, kada ki rubuta haka. Haushi na ji, har na ji kamar in bi su da mari ɗaya bayan ɗaya. Ashe abin da ake jira ke nan tun farko, mutum ɗaya ya ƙaru a kaina.

Washegari unguwarmu ba a ji lugude ba. Ba wai komai ya ƙare ba ne, maza sun ci gaba da niƙa a bayan gari, wasu gidaje sun koma daka a ɓoye, ƙasar tsakar gidajenmu kuma ta riga ta sha gubar, yara sun ci gaba da kwantawa. Sai da likitocin nan baƙi suka zo gab da damina suka ɗibi jinin yara, suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, aka riƙa kwasar yara zuwa Anka da Bukkuyum ana ba su magani. Mani ma da aka auna shi an samu a jininsa, ya sha nasa. Babu wanda ya zo ya ba ni haƙuri. Kawai na ga an dawo ɗibar wuta gidana kamar jiya aka zo, ana tambayata ya kwanan Mani. Goggo Tumba har ta koma ga Allah ba ta ƙara amsa sallamata ba. Ni kuma zaman garin ya fita raina, shi ya sa da kaka ta yi muka taso muka dawo Anka kusa da ku. Luba ta zauna, don ita ba ta da inda za ta, kuma ita aka bari da sunan marar kunyar da ta kira ɗan fari a gaban maza. Wadda kuke ce wa munafuka ke nan. Yarinya ce da ba ta kai ashirin ba, a garin da ba nata ba, aka tambaye ta a gaban mata cike da gida, ta duba ba ta ga fuska ɗaya da za ta jingina da ita ba sai tawa, ni kuma na riga na zama abin dariya.

Kafin mu taso ne aka zo kankare ƙasar gidaje. Ma'aikata da shebur da tsumma a hanci suna kwashe ta sama suna zuba sabuwa. Ranar da aka zo gidan Goggo ina tsaye a bakin darni, sai Luba ta zo ta tsaya ta ɗaya gefen.

"Inna Kulu, in tambaye ki?"

"Tambaya, Luba."

"Ran nan da Goggo tat tambaye ni, da na ce e, da haka za su aje?"

Na ga amsar da idona ranar da ta ture turminta, ita ma ta gani. Kuma ranar da aka yi mata waccan tambaya ɗanta lafiyarsa lau, yana kama zanina yana miƙewa. Sai na ji bakina ya ce:

"Allah kaɗai ya sani, Luba. Kwanansa ne ya ƙare."

Ta dube ni.

"Ke ma yau kin faɗi abin da kowa ka faɗi."

Muka tsaya nan, ita a gefenta ni a nawa, ana ta ɗibar ƙasar tsakar gidan ana ɗurawa a buhu.